Addar da ke Jikin Bango

"A nan za a ɗaura aurenmu, Shernelle! Dubi fili, dubi teku... me kuma ya rage?"

"Na ce maka Kaka ba za ta zo ba."

"Tsohuwa ce, lallaɓa ta za mu yi."

Rawle, wanda zan aura, a Landan aka haife shi, Barbados ɗinsa ta hutu ce. Ni kuwa a ɗakin Kaka Ilene na girma, na san idan ta ce a'a, ko fasto ya haƙura. Tun ina yarinya, in motarmu ta biyo ta gaban tsohuwar masana'antar giyar raken nan sai ta kau da kai. Yanzu an shafe ta da fenti, an mai da ita gidan tarihi, har biki ake yi a ciki.

Warin maɗin rake ya tare ni tun daga ƙofa. Muka wuce gangunan katako, muka shiga ɗakin injin matsa. Wata adda na rataye a bango, an goge ta tana ƙyalli, baƙi suna ɗaukar hoto da ita. Kafin in ankara Rawle ya ciro ta, ya saɓa a kafaɗa.

"Masoyiya, ɗauke ni! Ga manomin rake!"

"Ajiye ta!"

Ihun da na yi har Turawa suka waiwayo.

"Lafiya? Wasa fa nake..."

"Ba ta yankan rake ba ce. In injin ya kama hannun mutum, da ita ake sare hannun kafin ya ja shi gaba ɗaya." Na nuna masa injin. "Kakana Cuthbert, mijin Kaka... a nan ya kama shi. Kaka na da cikin Mama. Yayan Kaka ne ke tsaye da addar. Ya sara, amma jini bai tsaya ba har ya rasu."

Ya mai da ita a hankali.

"Me ya hana ki gaya mini?"

"A gidanmu ba a maganar."

A ɗakin ɗanɗano aka miƙo mana giyar a ƙananan kofuna. Na ɗiga kaɗan a ƙasa yadda kowa ke yi a garinmu, don sai waɗanda suka riga mu sun sha mai rai ke sha. Rawle ya dube ni. Ya ɗauki nasa ya koma ɗakin injin, ya durƙusa, ya tsiyaye shi duka a gindinsa.

"Ka yafe mini, Kaka Cuthbert," ya ce. A nan kuka ya ƙwace mini.

Mun tarar da Kaka a baranda tana yanka kuɓewar tuwon masara. Hancinta ba ya kuskure.

"Kun je," ta ce.

Rawle ya zube a gabanta. "Mun je, Kaka. Na fasa yi a can. A tsakar gidanki nake so a ɗaura, in kin yarda."

"Ɗan Landan, tashi kar ka ɓata wandonka." Ta shinshina hannun rigarsa. "Wannan sha ka yi ko zubarwa?"

"Zuba masa na yi. A gindin injin."

Wuƙar ta suɓuce daga hannunta. Ta daɗe tana kallon gonakin rake.

"Kowace Kirsimeti ina zuba masa a nan," ta ce. "Amma ba a nan ya faɗi ba. Ni kuwa ƙafata ta ƙi kai ni can... Ya sha?"

"Nan take ƙasa ta shanye, Kaka."

Ta yi dariya, hawaye na bin kumatunta. Ta kamo hannun damansa da hannu biyu, ta riƙe gam, tana shafa yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Ai dole," ta ce. "Ya daɗe da ƙishirwa, bawan Allah."