Ɗakin da Aka Auna da Mayafi

Ranar da Gwaggo Iya ta dawo daga ganin ɗaki a Gusau, gidan Malam Labbo na Nahuce cike yake da matan maƙwabta, ana ta surfen gero. 'Yarsa Juwairiyya, wadda saura mako huɗu a ɗaura mata aure, tana ƙuryar ɗaki ta kasa kunne.

Gwaggo Iya ƙanwar Malam Labbo ce, ita aka wakilta. Haka ake yi, kafin kafinta ya sa zarto a katako sai dangin amarya sun je sun auno ɗakin da za a jera mata kaya. Gwaggo kuwa ba ruwanta da wani tef na awo, mayafinta ta warware ta yi awo da shi.

"To Iya, yaya kinka ga wurin?" in ji Inna Suwaiba, mahaifiyar amarya.

Mata suka tsai da taɓare. Gwaggo ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta gyara zama.

"Ciki da falo ne a Tudun Wada. Falo mayafi biyar, ciki huɗu. Kai, sai wanda ya gani!"

Nan take guɗa ta tashi. Juwairiyya kuwa ba ta yi murna ba, don ta san ɗakin nan bai kai haka ba. Mannir, angon, ɗan Bilbis ne da ke gyaran waya a Gusau, kuma bai ɓoye mata komai ba. Wata huɗu ejan, wato dillalin gidaje, yana yawo da shi lungu-lungu kafin ya sami gida mai famfo da bayi a ciki. Ranar da ya karɓi makulli ya kira ta.

"Juwai, wallahi ɗan mitsitsi ne. In kin miƙe ƙafa a falo sai kin taɓa kicin. Sori, iya ƙarfina ke nan."

"Ni na ce maka ƙwallo zan buga a ciki?" Ta faɗa tana dariya.

Ta so ta yi magana ran da Gwaggo ta kawo awon nan, sai dai amarya ba ta tsoma baki a zancen kayan ɗakinta, balle ta ƙaryata gwaggonta gaban mutane. Ta ja bakinta ta yi shiru, shirun nan kuwa shi ya so ya cinye mata aure.

Malam Labbo ya sayar da bijiminsa, aka kai wa kafinta awon Gwaggo. Shi ko kafinta abin da aka ce masa shi ya yi: kujeru na zaman mutum bakwai, gado ƙato, wadirof mai ƙofa huɗu, ga kabet na jera kwanukan da Inna take tarawa tun Juwairiyya na goye.

Ranar Alhamis aka loda kaya a mota, mata suka tafi jere, washegari bayan sallar Juma'a za a ɗaura aure. Da la'asar Juwairiyya na zaune hannu da ƙafa cikin lalle, wayarta ta yi ƙara. Nafisa ce ta kara mata a kunne. Nafisa 'yar Gwaggo Iya ce, sa'arta, wadda aka ɗaga bikinta har sau biyu tun rasuwar mahaifinta saboda babu abin yi mata kayan ɗaki.

Mannir ne. "Juwai, akwai matsala! Gado ya shiga da ƙyar, ya cinye ɗakin. Wadirof da kabet na tsakar gida, 'yan haya duk sun fito suna kallo. Wannan duk mai sauƙi ne, Gwaggo cewa take ba wannan ɗakin na nuna mata ba, wai na maƙwabci na ara na nuna!"

"Innalillahi! Kai me ka ce?"

"Me zan ce? Uwa ce. Na dai sunkuyar da kai."

Kafin magariba mota ta dawo da rabin kayan. Inna Suwaiba ta zauna dirshan tana kuka, ita abin da ke cinta a ce an je jeren 'yarta an dawo da kaya gari na kallo. Malam Labbo bai cika faɗa ba, amma in ya yanke magana ya yanke.

"Ƙanƙantar ɗaki ba ta dame ni ba," ya ce. "Yaron da zai ari ɗakin wani ya nuna muna tun ba a ɗaura ba, mi zai yi in anka ɗaura? A aika Bilbis, gobe ba ɗaurin aure."

Juwairiyya ta yi kuka har lalle ya ɓata mata zane. Da ta gaji ta wanke hannu, ta sami Gwaggo a bayan rumbu ita kaɗai, ta durƙusa.

"Gwaggo, Mannir ya gaya mini girman ɗakin tun ranar da ya kama shi. Ɗaki guda gare shi, shi ya nuna miki."

Gwaggo ta buɗe baki za ta yi masifa, sai hawaye suka riga ta.

"Uku ne, ɗiyata. Falo uku, ciki biyu da rabi. Ina shigowa na ga sun tsai da taɓare suna kallon bakina. Tawa ɗiyar na zaune ba kaya, ana yi da ni a gari, sai kuma in ce ta yayana akurki za a kai ta? Bakina ya ce biyar. Yau da kaya sunka ƙi shiga kunya ta rufe ni, na ɗora wa yaron mutane."

Juwairiyya ta ji haushi, amma ba ta nuna ba. Ta tashi ta nufi turakar mahaifinta, wurin da rabonta da shiga tun da aka sa rana. A bakin ƙofa ta tsuguna, kanta a ƙasa.

"Baba, ka gafarce ni, ba a san amarya da wannan magana ba. Mannir bai yaudari kowa ba. Ya gaya mini gaskiyar ɗakin, na ji awon da aka kawo, na san da kuskure, na yi shiru. In laifi ake nema ga shi a wurina."

"Kuskure?" Malam Labbo ya maimaita.

"Awon mayafi ne, Baba, yana iya zamewa."

"Bai zame ba, Yaya!" Gwaggo ce tsaye a bayanta, tana share ido da bakin mayafin nan. "Ni na ƙara. Yarinyar ga rufa mini asiri takai. Yaro bai da laifi."

Malam Labbo ya juya ya dubi ƙanwarsa. Can ya nisa. "Bijimi guda, Iya. Kuma saura ƙiris in zalunci ɗan mutane. To yanzu kayan da anka dawo da su fa?"

"Baba, in ka yarda," Juwairiyya ta ce a hankali, "gado da kujera biyu sun ishe mu. Wadirof da kabet da sauran kujerun a bar wa Nafisa. Angonta Lukuman ya gaji da jira."

Gwaggo ta zube ƙasa ta fashe da kuka. Inna Suwaiba ta so ta ce wani abu game da kabet ɗin kwanukanta, ta dubi Nafisa da ke raɓe jikin bango, ta fasa. Malam Labbo ya karɓi wayar 'yarsa, da kansa ya kira Mannir ya ba shi haƙuri, ya ce a tsai da ɗan aiken Bilbis.

Aka ɗaura aure Juma'a kamar yadda aka sa. Da aka kai amarya, ta zauna a kujera ta miƙe ƙafa, sai ga yatsanta ya taɓa ƙofar kicin. Mannir ya rufe fuska.

"Ai na gaya miki!"

"Ka gaya mini," ta ce, "shi ya sa na zo."

Wannan shi ne abin da ya kamata 'yan mata da iyayensu su riƙe. Ƙaramin ɗaki bai taɓa kashe aure ba, ƙarya don a burge maƙwabta ita ke kashe shi, haka ma kunyar da ke hana faɗin gaskiya a kan lokaci. Wanda ya yi haƙuri ya rufa asirin ɗan'uwansa, Allah ba ya barin nasa a buɗe.

Bayan mako biyu aka je ganin ɗakin Nafisa a Kekun Waje. Mannir ya aiko da tef, Gwaggo ta ce a mayar masa da abinsa, mayafinta na nan. Da ta dawo, mata suka sake tsai da taɓare suna kallon bakinta.

"Ɗaki guda ne, ba falo," ta ce da ƙarfi. "Mayafi uku, shi ma da ƙyar."

Sai Inna Suwaiba ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, sauran matan suka ɗauka.