Lallen da ke Wuyan Rigar Baba Mu'azu

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don ni ko gaban mutum biyu bakina rawa yake. Amma sunana aka ɓata.

Ranar da sojoji suka miƙa mulki, gari na ta kiɗa, aka tsinci Baba Mu'azu a ƙasa, a wani ƙaramin asibiti a Gyaɗi-Gyaɗi, rai ya yi halinsa. Mu biyu ke taimakon nas a ɗakinsa, ni Hadiza da Anti Hauwa. Kafin azahar likita ya kore ni, wai sakacina ne. Lawan, ɗan mamacin, bai gamsu ba, ya ɗauko Sufeto Ɗahiru daga Tarauni, aka dawo da ni.

Sufeto ya duba ledar ƙarin ruwa, ta ƙare ƙaf. Ya ɗaga wuyan rigar Baba, ga wani abu kore ya manne. Ya shinshina.

"Wa ke kula da shi?"

"Ita ce, Yallaɓai," in ji Anti Hauwa, hannuwanta cikin hijabi. "Tun ƙarfe tara na bar mata ɗakin. Ko gawar ban taɓa ba."

"Ke fa?"

"Wanki ta tura ni," na ce da ƙyar.

"Ji munafuka! Sumumu-kasau!" in ji Anti Hauwa.

Sufeto ya dubi tafina, duk sabulu ya cinye. Ya wuce sito. Bayan kwalayen magani ya zaro ledoji biyu masu danshi da ɓarin lemon tsami. Ya fito da sauri.

"Malama Hauwa, miƙo min fayil ɗin can."

Ta zaro hannu. Ja wur!

"Kai, lallen ya kama! Na yaushe ne?"

"Na jiya."

"Na jiya, amma ledar ba ta bushe ba? Wa ya shafa wa gawar da ba ki taɓa ba?"

Ta zube ƙasa. "Mijin yayata ne ya ci kansila, yau walima. Na ji Baba yana kira, wallahi na ji. Na ce bari lallen ya ƙara kamawa. Sai na ji faɗuwarsa, na ruga na ɗago shi, na ga ya cika, na mayar da shi ƙasa."

Nan take likita ya yage takardar korata, ya rubuta tata. Aka sa wa jajayen hannuwan ankwa, aka fita da ita.

Washegari da safe na sa farar rigata. Kafin in shiga asibiti na biya gidan makoki, na miƙa wa Lawan carbin Baba da na tsinta cikin zanin gadon da na wanke.