Kafin a Wanke Mabiyiya

Da hantsi, gidan Ƙasimu a Ruma ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Matarsa Atika ta haihu, karo na uku ke nan, kuma wannan ɗan ma bai zo da rai ba. Ungozoma Mero ta fito da mabiyiya a cikin kasko za ta wanke ta binne a bayan ɗaki, sai Malama Safiyyatu, ma'aikaciyar asibiti da ta zo rangadi daga Katsina, ta tare ta.

"Baba, dakata! Kada ruwa ya taɓa ta. Ɗan kaɗan zan yanka in shafa jinin a gilashi, likita ya duba."

Inna Maijidda, mahaifiyar Ƙasimu, ta miƙe tsaye. "Ki yanki mi? A kai wa Nasara? Duk macen da aka yanki mabiyiyarta an yanke mata haihuwa, kowa ya san wanga!"

"Inna, sau biyu muna binnewa lafiya lau," in ji Ƙasimu, kansa a ƙasa, "sau biyu muna binne ɗan tare da ita."

Kafin Inna ta buɗe baki, muryar Atika ta fito daga ɗaki, a dishe: "Malama, yanki. Tawa ce."

Inna ta dubi ɗanta ido cikin ido. "To, shi ke nan. In ciki na gaba bai zauna ba, ka sake ta, ko in ɗaga maka nono!"

Allah Ya sani Ƙasimu yana son matar nan.

Bayan wata guda Malama ta dawo da bayani. Ƙwayoyin zazzaɓin sauro ne ke ɓuya a mabiyiya. Fararen ƙwayoyin jini, masu tsaron jiki, sai su taru can su yaƙe su, cunkoson ya tare hanyar abincin ɗa. Ta ce in ciki ya samu Atika ta riƙa shan magani duk mako, ta kwana a gidan sauro.

"Yaƙi a cikin ciki! Tatsuniya!" in ji Inna.

Cikin ya samu, watanninsa na ƙarshe suka faɗo a damina. Mata suka daina shigowa ɗebo wuta a gidan. A bakin rijiya kuwa ana ta raɗa, wai naman Atika na cikin kwalba a Katsina. Inna kuma ta ɗaure kwanonin Atika da igiya ta ajiye a zaure, inda duk mai shiga da fita zai gani. A wata na bakwai zazzaɓi ya kayar da Atika kwana uku, ɗan cikin ya daina motsi.

"Malam, in ya tafi ka bi maganar Inna," ta ce tana kuka. "Ban yarda a tsine maka saboda ni ba."

"Sha maganinki," kawai ya iya cewa.

Rana ta huɗu ta kama hannunsa ta ɗora a cikinta. Ya ji an shure shi.

Ranar haihuwa Malama na gidan. Naƙuda ta yi tsawo, sannan ɗakin ya yi shiru, irin shirun da gidan ya riga ya sani. Ƙasimu ya zauna a zaure kusa da kwanonin nan, ya rufe fuska. Sai kuka ya tsage, mai ƙarfi. Ɗiya mace!

Mero ta fito da kasko ta nufi randa. Inna ta fizge shi daga hannunta, ta miƙa wa Malama, hawaye na zuba.

"Yanki, ɗiyata, tun ba a wanke ba. A duba min ko an gama yaƙin."

Daga nan ta wuce zaure, ta durƙusa ta kwance igiyar da hannunta.

Haƙuri ba ya hana neman sani, kuma tsoron abin da ba a sani ba yakan raba auren da ƙiyayya ba ta raba ba. Na Atika da Ƙasimu ya tsira, don sun haɗa haƙuri da bincike.