Wa Ya Zuba Ruwan Zafin?

Ana gab da kiran magariba Hajiya Hadijatu ta fito daga kicin da faranti biyu, nata da na 'yarta Nabilah. Su biyu ke nan a gidan, sai maigadi a bakin ƙofa. Maigidanta Nuraddeen ma'aikatarsu ta tura shi ƙaro ilimi ƙasar waje, wata bakwai ke nan, sai dai a ji muryarsa a waya ranar Juma'a. Gida ne babba cikin irin rukunin gidajen nan na Abuja, ɗakuna shida, huɗu a rufe, katanga doguwa da waya a kanta. Wai wannan shi ne jin daɗi.

Tana ajiye farantin ta ji ƙwal a kan rufi. Ta tsaya. Aka sake, aka kuma sakewa, a hankali, kamar mai jifan ba ya sauri. Ba yara a layin, ba bishiya kusa.

Yamusa maigadi, dattijo ne mutumin ƙauyen Yangoji, ya zo bakin falo riƙe da wani abu cikin hularsa.

"Hajiya, ka taɓa wannan," in ji shi da 'yar Hausarsa.

Ta taɓa, ta janye hannu da sauri. Dutse ne ɗan ƙarami, jiƙe, da zafi kamar yanzu aka tsamo shi daga tukunya.

Haka aka yi washegari, da wanshekarenta. Da rana gidan shiru. Da zarar hasken yamma ya fara ja, sai jifa. A rana ta huɗu Hadijatu tana wanke-wanke ta ji kuka ta cikin magudanar ruwa, siririn kuka irin na yaron da ya gaji da kuka. Ta rufe famfo, ta saurara. Ta kira mijinta, ya ce iska ce a cikin bututu, ta daina sa wa kanta damuwa. Ta ajiye wayar, ta rasa wanda za ta sake kira.

Ranar Asabar Nabilah ta zagaya lungun da ke bayan kicin don kwashe shanya. Shekarunta sha huɗu, kanta ba ɗankwali, kunnuwanta toshe da abin jin waƙa, ga magariba ta kawo kai. Uwar ta gani ta taga, ba ta tsawata ba. Yarinyar ta dawo ba kaya a hannunta. Ta zauna a ƙasa, ta zuba wa bango ido. Kafin a idar da sallah, fatar kafaɗarta ta tashi, ta yi bororo har gwiwar hannu, alhali ko wuta ba ta kusanta ba.

A asibiti likita ya dubi ciwon, ya dubi uwar, ya ce, "Hajiya, wa ya zuba mata ruwan zafi?" Suka ba da magani. Kwana biyar yarinya ba ta ci, ba ta magana, kullum da yamma sabon bororo na fitowa, yana matsowa wajen wuya. Hadijatu ta ga 'yarta na tafiya a gaban idonta.

Yamusa ne ya ce akwai wani Malam Nababa a Kubwa, ba ya karɓar kaza, ba ya duba ƙasa, Alƙur'ani kawai. Malamin ya zo a motar haya bayan azahar, ɗan siririn tsoho da buta a hannu. Ya sa aka lulluɓe yarinyar, uwar ta riƙe ta, ya zauna nesa kaɗan ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Sai jikin Nabilah ya sandare, bakinta ya buɗe, wata murya ta fito, muryar tsohuwa, a dishe.

"Ya isa, Malam. Ni ma ina sallah."

"To baiwar Allah, mai sallah ba ta zalunci. Me yarinyar nan ta yi miki?"

"A kawo min wanda ya zuba ruwan."

"Wane ruwa?"

"A gindin dutsen da ke lungun nan nake, tun ba a san za a yi gari a nan ba. 'Yan uwana duk sun tashi da aka zo da motocin fasa duwatsu. Ni na zauna, ni da jikana. Shi kaɗai ya rage min. Yana wasa a bakin ƙofarmu aka sheƙo masa tafasasshen ruwa, ba bisimilla, ba gafara. Kwana huɗu yana kuka. Ya rasu."

Duk wanda aka yi wa tarbiyya ya san ba a watsa ruwan zafi a ƙasa sai an ambaci sunan Allah, don bayinsa da ba mu gani su kauce da 'ya'yansu. Hadijatu ta sani. Ta ce, "Wallahi Malam ban taɓa ba. Na sha ranƙwashin kakata a kan wannan. Ko ruwan taliya sai na sirka shi."

"Na san ba ke ba ce," in ji muryar. "Na tsare wurin ina jiran mai zubawa. Kullum ruwan na zuwa, ban ga hannu ba. Wannan ce kaɗai ta shigo lungun. In ba a fito min da shi ba, da ita zan tafi. Rai ne a bakin rai."

Malam ya juyo. Sannan ya tambayi Hadijatu ko akwai wani abu a gidan da ke dafa ruwa ban da murhu.

Sai a lokacin ta tuna. Kafin Nuraddeen ya tafi ya sa an ɗora wani tanki a kan rufi, mai baƙaƙen gilasai jere a jikinsa. Rana ce ke dafa ruwan, ba wuta ba itace, har baƙi yake hawa da su su gani. An yi shi ne don gida mai mutane da yawa. Yanzu da masu wanka suka zama biyu, ga zafin bazara, ruwan kan wuni yana tafasa, in ya yi yawa sai tankin ya saki da kansa ta wani bututu da ya sauka ta baya.

"Tashi, baiwar Allah," in ji Malam. "Zo ki ga mai zubawa."

Yarinyar da ta kwana biyar ba ta taka ba ta miƙe, tana tafiya a duƙe kamar mai shekara ɗari. Suka zagaya lungun. Ga dutsen nan baƙi, rabinsa cikin katanga, magina sun kasa fasa shi sun bar shi. Ga bakin bututu daidai gindinsa, ƙasar wurin ta yi fari, ko ciyawa babu. Suka tsaya nesa. La'asar ta yi sanyi, inuwa ta cika lungun.

Can sai bututun ya yi gurnani, ya yi tari, ya feso ruwa da tururi. Ya zuba, ya zuba, ya tsaya.

Idanun yarinyar suka bi bututun har sama, suka daɗe a kan rufin.

"Ba kowa a can?"

"Ba kowa," in ji Malam. "Ƙarfe ne da gilashi. Ba shi da baki balle ya yi bisimilla. Sakaci ne na masu gida, za su nemi gafarar Allah. Amma ba wanda ya nufe ku da sharri, kuma yarinyar nan ba ta san ma kuna nan ba. In kika kashe ta, ke za ki tsaya gaban Allah da jininta."

Idanun suka sauko daga rufin. Muryar ta ƙanƙance.

"To wa zan riƙe?"

"Ba wanda za ki riƙe. Haƙuri za ki yi."

"A ba ni jini, ko na tunkiya."

"Ba a yanka sai don Allah. Ke ma kin sani."

"To a ba ni kwana uku a jikinta."

"Ko sa'a ɗaya. Kafin a kira magariba za ki fita."

Kan yarinyar ya sunkuya. "Ni kaɗai na wanke shi," in ji muryar. "Ni kaɗai na binne shi. Ba wanda ya zo. Matar gidan nan ta yi min gaisuwa, sai in tafi."

Hadijatu ta dubi Malam. Ya gyaɗa kai, ya ce wannan haƙƙin musulmi ne. Ta gyara mayafinta, ta durƙusa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa a gaban 'yar cikinta, kamar yadda ake durƙusa wa babba.

"Iya, ya haƙuri? Ashe abin da ya faru ke nan. Allah ya jiƙansa, ya sa mai ceto ne. Allah ya ba ki dangana. Ki yafe mana."

"Haƙuri sai ma'aiki," in ji muryar. "Na gode, 'yar nan. Na yafe."

"Ina za ki, Iya?"

"Inda ba a gina ba tukuna."

Yarinyar ta yi atishawa sau uku, ta sulale, uwar ta tare ta. Malam ya yi addu'a, ya ce wa Yamusa tun yau a sa durom a bakin bututun nan, ruwan ya huce kafin ya taɓa ƙasa. Daga nesa aka fara kiran sallah.

Nabilah ta buɗe ido. Ta ce tana jin ƙishirwa, ta shanye kofi biyu. Sannan ta dubi fuskar uwarta.

"Mami, kukan me kike yi? Ai na tashi."

Hadijatu ta share ido da bakin mayafi.

"Rasuwa aka yi mana a maƙwabta," in ji ta.