Tsagar Gidan Jaji

Da la'asar sakaliya Nata'ala ya ɗora wa jakinsa mangala, ya kama hanyar kufai. Dutsen niƙa zai ɗauko ya dawo, aikin ke nan.

A shekarar ne wani Bature ya fara zaga ƙasar Dutse yana tambayar asalin garuruwa, wa ya sari wannan, wa ya gaji wancan. Dagacin ƙauyen su Nata'ala ya rasu bai bar magaji ba, aka ce wanda gidansu ya fi daɗewa a ƙasar shi za a naɗa. Nan Nata'ala ya ga banza ta faɗi. Kowa ya san ubansa, marigayi Ɗanmusa, ɗan ci-rani ne da ya zo daga arewa da sanda da buta, a zauren mutane ya yi ta kwana har aka tausaya aka ba shi auren Safiyatu. Amma gogan naka ya je gaban Bature ya zube, ya rantse shi jikan Jaji ne, wanda ya kafa tsohon garin da ke cikin duwatsu tun kafin jihadi. Zuriyar Jaji ta daɗe da ƙarewa, ba mai fitowa ya ƙaryata. Dattawan da ke zaune kuwa sun ci goronsa, sai kowa ya duƙufa yana kallon yatsun ƙafarsa. Shi kuma Baturen, da bai san gero ba balle dawa, ya gyaɗa kai, ya ce ta bakin tafinta a kawo wani abu na gidan kakan, a nuna gobe a taron ƙofar hakimi.

Tsohuwarsa Safiyatu ta biyo shi har bakin danga tana roƙonsa ya bari, ta ce uba ba riga ba ne da za a tuɓe a sa wata. Ya ce mata camfin tsofaffi ne ya hana gidansu ci gaba. Ko waiwaye bai yi ba.

Ya wuce dabinai, ya shiga tsakanin duwatsu. A bakin rusasshiyar ganuwa jakin ya turje. Ya dake shi, ya zage shi har uwa, jaki ya ce bai san zance ba. Ya ɗaure shi a jikin wata geza ya shiga da ƙafa.

Ciki ba kowa, sai tudun tsofaffin ɗakuna da fasassun tukwane da ramukan marina da ƙasa ta cike. Rana ta faɗa bayan dutse. A ƙarƙashin wani falalen dutse ya ga abin da yake nema, dutsen niƙa babba, cikinsa ya lotsa don tsufa. Ya yi dariya, ya ce a ransa ashe rawani ma a bola ake tsintarsa.

Ya sa hannu. Dutsen da ɗumi.

Ya duba tafinsa, sai ga garin gero, sabo, da danshi.

Sai ƙamshin daddawa ya bugi hancinsa, da hayaƙin kara. Jemagun da ke ta kai-kawo suka ɗauke. Daga bayansa wani sauti ya taso a hankali, shaf, shaf, shaf. Ya san sautin. Aska ce ake wasawa a jikin fata.

"Maigidana, sai yau?"

Muryar tsohuwa ce, da irin tsokanar da kaka ke yi wa jikanta. Numfashinta na taɓa ƙeyarsa. Ya nemi Ayatul Kursiyyu a kansa, ya tarar tun yana yaro ya baro ta a makarantar allo.

Wata murya ta namiji, ƙasa-ƙasa, ta ce baƙo ba ya taɓa dutsen gidan nan ya fita da ƙafarsa. Ɗan gida ne kawai ke taɓawa. Sannan ta tambaya:

"Kai ɗan wa ne?"

Sunan Ɗanmusa ya zo masa har bakin leɓe. Ya haɗiye shi. Matsoraci da maƙaryaci a jiki ɗaya, me kake jira ya faɗa?

"Jikan Jaji ne," ya ce da raɗa.

Washin askar ya tsaya.

"Jikanmu, fuska ba tsaga? An yi mana sakaci. Riƙe min shi," in ji namijin.

Hannuwa suka ɗauke shi cak, ƙaton mutum mai gemu, suka kwantar a kan cinya. Zanen da ke cinyar yana warin rumbu da toka. Aka matse kansa tsakanin gwiwoyi. Bai ga fuskar kowa ba, sai duhu mai numfashi.

Sanyin ƙarfe ya sauka a kuncinsa.

Ya buɗe baki zai yi ihu. Kukan jariri ne ya fito.

Aka tsaga dama. Aka tsaga hagu. Wani yatsa mai kaushi ya shafa masa baƙin tukunya a ciki. Can nesa mata suka rangaɗa guɗa, siririya, kamar daga cikin rijiya.

"Saura a raɗa masa suna," in ji tsohuwar.

Leɓe mai sanyi ya matso kunnensa.

Sai jakin ya ɓarke da kuka a bakin ganuwa. Gwiwoyin suka saki kaɗan. Ya zame, ya faɗi, ya tashi. Ƙaya ta kama rigarsa, ya bar mata. Bai tsaya kwance jaki ba. Gida ma bai nufa ba, masallacin ƙofar hakimi ya faɗa, ya lafe a ciki har asuba.

Da gari ya waye ya shafa fuskarsa, ba jini, ba ciwo. Tsagar ta warke ta yi baƙi, ta buɗe yadda takan buɗe a fuskar wanda aka yi wa tun ranar suna.

A wurin taro ba wanda ya tambayi dutse. Wani tsoho tukuf ya matso ya ƙura masa ido, ya ce rabonsa da ganin wannan tsaga tun yana ƙaramin yaro, ta gidan Jaji ce. Bature ya ji daɗi, ya zana ta a takarda. Dattawan goro suka yi ta kallon juna. Kafin azahar an naɗa wa Nata'ala rawani.

Da yamma yana zaune a kan buzu ana ta zuwa gaisuwa, sai ga Safiyatu, idanunta sun kumbura. Ta durƙusa nesa da shi, yadda talaka ke yi.

"Ranka ya daɗe, ɗana ya tafi kufai jiya, jakinsa kawai aka samo. A taimaka a nemo min shi."

"Iya, ni ne."

Ta ɗago ta dube shi da kyau, tun daga rawani har gemu. Ta ce Allah ya ja zamanin dagaci, kada a yi wa tsohuwa ba'a, ita ɗanta ɗan Ɗanmusa ne.

Ya yi shekaru yana sarauta. Ita kuwa har ta koma ga Allah kullum sai ta zo ƙofar gidansa ta durƙusa, ta tambaya ko an ji labari.