Rigar Saje Mai Igiya Uku

"Wai mai rigar nan ya dawo, ko rigar ce ta dawo ita kaɗai?"

Luba na bayan katangar zaure da ƙwaryar fura a hannu ta ji tambayar. Muryar Baba Buba ce, tsohon sojan nan da ya yi yaƙin Bama zamanin Turawa. Mijinta Alkasim ne ya kira shi ya duba masa abin da ya samo a kasuwar Kiru.

Duk garin Ƙofa an san Alkasim tela da wannan ɗabi'a. Bai taɓa riƙe bindiga ba, amma da ya ji wani cikin mazan jiya zai rabu da kayansa, sai ya bar keken ɗinki ya nufi can. Akwatinsa cike yake da jar dara, ɗamarar fata, maɓallan tagulla da lambobi masu hoton itacen kwakwa. Kallo ɗaya yake yi ya raba na kofur da na farabiti. Luba ce ke goge su da toka da lemun tsami tun da aka kawo ta gidan lokacin kaka.

"Baba, dubi igiya uku," in ji Alkasim. "Ta saje ce. Tun bara nake neman irinta."

"Na ga igiya. Shafa nan, ƙarƙashin hammata."

"Kamar laya."

"Layar komawa gida ce. Iyaye mata ke sa a ɗinka wa 'ya'yansu ranar tafiya, don kada su tabbata a ƙasar wani. To, wasunmu daji ya riƙe su, yaro, laya kuwa ba ta san da wannan ba." Tsohon ya sassauta murya. "Kada ka sa ta. In ta hau jikin mutum, sai dai a kira shi da sunansa na yanka kafin ya ƙetare ƙofar gida. In ya ƙetare, shi ke nan."

Alkasim ya yi dariya. "Baba, kai da ka ga jirgi na aman wuta, riga kake tsoro?"

"Don na gani ɗin ne nake tsoro."

Washegari Alkasim ya miƙa wa Luba rigar ta wanke. Bazara ce, ƙasa na ƙona tafin ƙafa. Zannuwanta suka bushe ƙayau kafin azahar, rigar kuwa na ɗiga. La'asar ta yi, tana ɗiga. Luba ta ƙyale ta a igiya ta shiga tuƙa tuwo. Surukarta ta tafi suna Bebeji, gidan ba kowa.

Sai da inuwa ta cinye tsakar gida ta tuna. Ba a barin shanya ta kai almuru. Ta ajiye muciya ta zagaya bayan ɗaki.

Warin ne ya fara tarbar ta. Warin taɓo da ruɓaɓɓen ganye, irin na fadama a tsakiyar damina. Kajin da ke ta hayaniyar shiga akurki sun yi tsit. Ko ganyen darbejiya ba ya motsi.

Ɗis. Ɗis.

A ninke ta rataye rigar. Yanzu a tsaye take, kafaɗu a cike. Ƙirjin yana ɗagawa, yana sauka.

Ta juya za ta gudu. Hannun rigar ya naɗe mata tsintsiyar hannu. Sanyinsa ya ratsa ta har haƙori.

Daga wuyan rigar, inda kai ya kamata ya kasance, murya ta fito, a gajiye.

"Yarinya. Nan ina ne?"

"Ƙofa," bakinta ya amsa ba da saninta ba.

"Garin Doguwa da sauran tafiya?"

Ta nemi a'uziyya, ta ƙi fitowa.

"Inna na jira. Ara mini ƙafa."

Ƙafarta ta hagu ta ɗaga da kanta. Ta doki ƙasa.

"Luba, ina buta? Af, har yanzu ba ki kwashe shanyar ba?"

Alkasim ne ya shigo neman ruwan alwala. Nan take hannun ya sake ta. Rigar ta juya a hankali a kan igiya, ta fuskance shi. Shi bai ga komai ba. Ya fizgo ta ya kakkaɓe.

"Ai ta bushe. Tsaya in gwada ki gani, yau kin auri saje."

Ta girgiza kai. Ta ɗaga hannu. Murya babu.

Yana sa maɓallai yana murmushi. A na ƙarshe murmushin ya ɗauke. Bayansa ya miƙe. Ya buga diddige, shi da ke sanye da faɗe, amma ƙarar ta takalmi mai ƙusa ce.

Ya juya. Ya nufi zaure.

Muryarta ta dawo. "Malam!"

Ƙwas. Ƙwas.

"Maigida!"

Sunan yanka, in ji Baba Buba. Sunan da ba ta taɓa furtawa ba tun da aka ɗaura aure. Ko ɗan maƙwabta mai irin sunan, Mai Sunan Malam take ce masa. Sunan ya tsaya mata a harshe kamar tsakuwa.

Ya shiga zaure. Ta bi shi da gudu, ba mayafi.

"Al..."

Ƙafarsa ta ƙetare dokin ƙofa.

"Alkasim!"

Bai waiwayo ba.

Ta durƙushe a zauren, tana jin takun yana yin kudu, har kiran salla ya rufe shi.

Mazan gari suka bazu nema. Bayan 'yan kwanaki wani Bafulatani mai suna Hamman ya kawo shi a kan jaki, ƙafafu duk sun fashe, ba riga a jikinsa. Ya ce a wani ƙauye kusa da Doguwa ya tsince shi, zaune a ƙofar wata makauniyar tsohuwa. Tsohuwar ta rungume rigar ta ƙi saki, tana ta faɗin ɗanta Idi ya dawo.

Ƙafafun suka warke. Ya koma kan keken ɗinki. Akwatin bai sake buɗe shi ba, maɓallan suka yi kore. Sai dai in an kira shi yakan jima bai amsa ba, kamar wanda ya ji ana kiran wani. Da almuru kuma ya tsaya ƙiƙam a tsakar gida, fuska kudu.

Baba Buba ya zo dubiya. Daga zaure ya ɗaga murya. "Wai ranar ba kowa a kusa ne da zai kira shi?"

"Ni ina Bebeji," in ji surukarta. "Ita kuwa yarinyar nan tana madafa, me za ta gani?"

Luba ta buɗe baki. Ta dubi tsintsiyar hannunta, inda har yau sanyin bai fita ba. Ta rufe bakin, ta ci gaba da tankaɗe. Ba za ta faɗa wa surukarta ba, ba za ta faɗa wa uwarta ba, ba kowa.

Sunan kuwa yanzu ya saba da bakinta. Takan faɗe shi a hankali in sun rage su biyu. Shi ne dai ba ya juyowa.