Hanyar da Aka Ƙi Zanawa

Akwai wata injiniya, aikinta shi ne saka sababbin hanyoyi a taswirar waya. Duk inda motarsu ta bi, na'urar da ke kan cinyarta ta zana, ta aika ofis. Kawunta ke tuƙa ta, tsohon direban babbar mota, mai taurin kan tsiya. Shi dai takardar taswirarsa ya sani, wadda ta sha salatif har ta gaji.

Gab da magariba suka iso wata mararraba. Hanya ce ta jar ƙasa ta yi hagu, sumul, ko rami babu.

"Kawu, wannan ba ta cikin takardarka," ta ce tana dariya.

"Mun san da ita. Da gangan aka ƙi zanawa."

"Don me?"

"Don kada baƙo ya bi."

Haushi ya kama ta. Hanyar da za ta rage wa mutane tafiyar awa biyu, a ce a ƙyale? Ta nace, har da rantsuwar za ta sauka ta taka da ƙafa. Kawu ya ja tsaki, ya yi bisimilla, ya karya kan mota.

Da farko lafiya lau. Sai kukan tsuntsaye ya ɗauke ɗif. Ƙaurin gashi ya shigo ta taga. Tayoyi suka daina ƙara, kamar a kan katifa ake tafiya.

Suka wuce wata mota a gefe, ƙofofi a buɗe, ba kowa. Suka wuce ta biyu. Ta uku.

Na'urar ta yi magana da wata murya mai kauri: "Kun kusa."

"Kada ki dubi madubi," in ji Kawu ƙasa-ƙasa.

Ta duba.

Kujerar baya cike take maƙil. Dogayen wuyoyi sun miƙo ta kafaɗarta, idanu duk a kan na'urar.

"Ƙarasa zanen," aka raɗa mata a kunne. Numfashin sanyi ƙalau.

Kawu bai juya mota ba. Ya sa giyar baya, ya leƙa ta taga, yana bin sawun tayarsa yana addu'a.

Ta danna madannin kashewa. Na'urar ta ƙi mutuwa.

Ta wurga ta waje.

Sai ga mararraba, ga kukan tsuntsaye, kujerar baya wayam.

Kwana uku ta yi da zazzaɓi. Ranar da ta koma ofis, shugabanta ya tarbe ta da fara'a. "Sannu da ƙoƙari! Hanyar nan taki ta shigo taswira tun ranar. Jiya kaɗai mota arba'in suka bi ta."

Sau bakwai tana goge ta, kullum da safe sai ta dawo. Ta ajiye aikin.

Yanzu duk yamma tana mararrabar nan ita da Kawu, suna ɗaga wa motoci hannu. Wasu kan saurara. Yawanci kuwa su dube ta, su dubi wayarsu, su karya hagu.